Ƙarshen Dogo: Muhawara Kan Tarihin Tashar Jirgin Ƙasa ta Nguru

Usman Hausari:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Makon jiya na je Nguru ta'aziyyar gwaggona, bayan an yi addu'ar uku sai na roƙi ƙanena ya raka ni tashar jirgin ƙasa, domin a nan kakanmu ya yi aikin dako shekara da shekaru, kuma tun ina ƙarami nake jin labarinta daga bakinsa. Mun isa da hantsi, muka tarar da wurin tsit, rairayi ya binne dogo a wasu wurare, awaki suna kiwo a inda kakanmu yake cewa mutum ba ya samun masakar tsinke ranar da jirgi zai tashi. Na daɗe a tsaye ina kallon inda dogon ya ƙare. Abin da na sani daga karatu bai wuce cewa layin ya taso daga Kano ne, ya iso Nguru a 1930, kuma tsawonsa kusan kilomita 230 ne ba. Tambayata biyu ce. Shin tashar ce ta haifi garin Nguru, ko kuwa garin ne ya jawo tashar? Sannan kuma, a wace shekara ce za a ce tashar ta fara mutuwa, kuma me ya kashe ta? Ina roƙon waɗanda suka ga jiya su taimaka mana.

Malam Bukar:
Wa alaikumus salam, Malam Usman. Allah ya jiƙan gwaggo, ya sa ta huta. Tambayarka ta farko ba zan bari ta wuce ba, domin na sha jin matasa suna cewa Turawa ne suka kafa Nguru, kuma wannan magana kuskure ce babba. Tun ƙarni na 17 ƙasar Nguru take mazaunin Galadiman Borno, wanda Mai, wato sarkin Borno, ya ɗora wa alhakin kula da yammacin daula, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Mangawa da Badawa da Fulani suna zaune a wannan yanki, suna noma da su da kiwo, fatake suna ratsawa da kanwa da gishiri, tun kafin a ƙera kan jirgi na farko a Ingila. Bature bai kai dogo daji ba, ya kai shi ne inda ya ga hanyoyin fatauci sun riga sun haɗu.

Dakta Rabi:
Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce, amma ina ganin rabin amsar ce. Sarautar Galadima ta daɗe, wannan babu ja. Sai dai Ngurun da Usman ya je makon jiya, mai kantuna da unguwannin baƙi da babbar kasuwa, ta tashi ne a gefen dogo, kuma sunan unguwarsu ma, Hausari, shaida ne na cewa mutane sun zo daga yamma sun zauna har aka san su da wurin.

Idan muka koma baya kaɗan za mu ga yadda abin ya faro. Dogon da aka fara daga Baro a bakin Kwara, a zamanin Gwamna Percy Girouard, ya iso Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗe shi da layin Legas aka mai da su hukuma ɗaya. Turawa sun yi tsammanin auduga za su kwasa domin masaƙun Lankasha, amma manomin Kano ya duba ya ga gyaɗa ta fi masa riba, ga shi kuma idan shekara ta yi wuya zai iya cin abarsa, sai ya rungumi gyaɗa. Da cinikin ya kankama, sai ya zamana duk wanda gonarsa ta yi nisa da dogo, kuɗin jakai da raƙuma yana cinye ribarsa. Wannan ne ya sa aka fitar da rassa biyu kusan a lokaci guda: ɗaya daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, ɗaya kuma daga Kano ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa ya tsaya Nguru a 1930. Duka biyun an yi su ne domin su kwaso amfanin gona zuwa bakin teku. Fasinja daga baya ya biyo. Abin lura kuma shi ne, layin ya iso ne daidai lokacin da kasuwannin duniya suka karye bayan 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, saboda haka shekarun farko na tashar ba shekarun wadata ba ne.

Malam Bukar:
Na karɓi gyara a kan sabon gari, Dakta. Abin da nake tsoro kawai shi ne kada a fara lissafin tarihinmu daga ranar da Bature ya busa usur.

Baba Audu Reluwe:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa masa, domin idona ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu. Na shiga aikin reluwe a 1961 ina saurayi, na fara da lebura a kan dogo, daga baya aka mai da ni cikin tasha, kuma na yi shekaru masu yawa a kan layin Kano zuwa Nguru kafin a yi mini canji. Ɗana Usman, mai yiwuwa na san kakanka da fuska, domin 'yan dakon tasha jama'a ɗaya ce, suna da shugabansu, kuma ba kowa ne yake zuwa ya ɗauki buhu ba sai da saninsa.

'Yata Dakta ta ce an yi layin ne domin kaya, haka ne, amma ina so ku san cewa tashar ƙarshen dogo ba kamar sauran tashoshi take ba. A Taura ko Birniwa jirgi yakan tsaya ne 'yan mintoci, a sauke a ɗauka, ya wuce. A Nguru kuwa jirgi kwana yake yi. Dole a juya kan jirgi ya fuskanci Kano, a kwashe toka, a zuba masa ruwa, a loda masa kwal, a duba birki tarago bayan tarago. Kwal ɗin nan daga Inugu ake kawo shi, ku duba nisan, ya ƙetare Binuwai ta gadar Makurɗi, ya biyo ta Kafanchan da Kaduna da Zariya da Kano, kafin ya iso hannunmu. Direba da mai zuba kwal da gadi duk a garin suke kwana, ga akawun tikiti, ga akawun kaya, ga mai buga waya wanda ba a sakin jirgi sai ya sami amsa daga tasha ta gaba cewa hanya a buɗe take. Kowane ɗayan waɗannan yana da iyali a kwatas, yana cefane a kasuwa, yana karɓar albashi ƙarshen wata. A garin da yawancin mutane sai kaka suke ganin kuɗi, albashin 'yan reluwe shi ne yake riƙe teloli da mahauta da masu kanti har damina ta wuce.

Game da kaya, ba gyaɗa kaɗai ba ce. Mun loda ƙaro, mun loda fata da kirgi, mun loda kanwa buhu-buhu, mun loda bandar kifi da busasshen nama, mun kuma loda shanu a tsaye, tare da yaran da za su raka su har Badun da Ikko suna ba su ruwa, suna tayar da wadda ta kwanta don kada sauran su tattake ta. A dawowa kuma taragun sukan zo da goron Shagamu, da gishiri, da kananzir, da siminti, da kwanon rufi, da atamfa. A lokacin kaka taragun ba sa isa, sai buhunan gyaɗa su taru a jira, kuma ita ce asalin dalar gyaɗa da kuke gani a hoto. Mutane suna zaton a Kano kaɗai aka yi dala, alhali har a Malam Madori an yi.

Alhaji Mamman Gure:
Ina gaida Baba Audu da kyau, Allah ya ƙara lafiya. Ni daga Jamhuriyar Nijar nake, asalinmu Gure, kuma na ga dacewar in faɗa muku cewa tashar nan ba taku ba ce ku kaɗai. A wajenmu mutanen Muniyo da Mangari, har zuwa Maine Sorowa, Nguru ita ce bakin tekunmu. Mahaifina ya yi fatauci da raƙuma, yana ɗauko kanwa da mangul daga tafkunan ƙasarmu, ya biyo ta Machina ya sauka wajen mai masaukinsa a Nguru, wanda shi ne yake nemo masa dillali, ya ajiye masa kuɗi, ya kuma sayo masa goro da tufafi. Bai taɓa ganin Yamai ba har ya rasu, amma Kano ya je ta fi sau goma, kuma duk a jirgin Nguru.

Faransawa ba su ji daɗin wannan ba, domin arzikin ƙasar da suke mulka yana fita ta hannun Ingilishi. A shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani shiri da suka kira Hirondelle, inda suke tallafa wa manyan motoci su kai gyaɗar Nijar Paraku, daga nan jirgin ƙasan Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu, ya kai ta Kwatano. Shirin ya fi tasiri a yammacin ƙasar. Mu na gabas nisa ya yi mana yawa, kuma mai raƙumi ba ya barin hanyar kwana kaɗan ya kama ta wata guda saboda wani ya zana iyaka a takarda.

Hajiya Yagana:
Maza sun yi ta maganar buhu da tarago, bari in yi maganar mutane. An haife ni a Bulabulin, kuma mahaifiyata tana cikin matan da suke dafa abincin sayarwa domin ranar jirgi. Ita ba ta fita, mu yara ne muke kai tallan. Tun daren jajibiri ake jiƙa wake, a soya kifi, a dama fura, saboda mutanen Gashuwa da Gaidam da Yusufari da na ƙauyuka sukan iso tun kafin ranar, su shimfiɗa tabarmi a harabar tasha su kwana, don kada jirgi ya bar su. Da kuɗin wannan talla aka yi mini kayan ɗaki, ni da yayyena biyu.

A tashar nan na fara jin Yarabanci da Ibo. Akwai matan Yarabawa masu sayen busasshen nama suna aikawa Badun, wasu sun zauna a garin har 'ya'yansu sun tashi suna jin Hausa da Barbarci kamar mu. Sannan akwai baƙin da suke zuwa ziyara wajen Shehu Gibrima, Allah ya ƙara masa rahama, waɗanda in sun sauko daga jirgi ba sai an tambaye su inda za su ba, da carbinsu da zikirinsu ake gane su, kuma yara kan yi rige-rigen ɗaukar musu kaya don neman albarka.

Tafiyata ta farko a jirgi ita ce ranar da aka kai ni gidan miji a Kano. Muna cikin taragon talakawa mai kujerun katako, ni da gwaggwannina da ƙawayena, da tukwane da tabarmi da akwatin ƙarfe. Ina lulluɓe ina kuka har muka wuce Birniwa, sai wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta matso ta ba ni dafaffen ƙwai, ta ce in yi shiru, ai jirgin da ya kai ni shi zai riƙa dawo da ni ganin gida. Haka kuwa aka yi, da shi na zo wankan haihuwar fari, da shi na zo jana'izar mahaifina. Mace ita kaɗai da goyo tana iya shiga jirgin nan hankalinta kwance, domin tarago cike yake da idon mutane, kuma babu direban da zai yi gudun ganganci da ranta.

Usman Hausari:
Hajiya, wallahi kin sa na tuna kakata, domin ita ma irin wannan labarin take bayarwa. Na gode ƙwarai. Saura tambaya ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna.

Injiniya Sani:
Ni a ganina amsar tana da shekara takamaimai, ita ce 1964. Kafin wannan shekara, Nguru ce tashar jirgi ɗaya tilo a duk Lardin Borno. Duk abin da zai fita daga lardin ta dogo, ko dai a kawo shi Nguru, ko a ɗauke shi a mota har Jos ko Kano. A 1958 Najeriya ta karɓi rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, wanda shi ne rancenta na farko daga bankin, aka fara shimfiɗa sabon layi daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya shiga Maiduguri a 1964, tsawon kusan kilomita 640. Daga ranar, kifin Tafkin Chadi da shanun gabas da fatun Yarwa sun sami tasha a ƙofar gida, Nguru ta koma tashar arewa maso yammacin Borno kawai.

Abin da yake ba ni takaici shi ne, duk wanda ya buɗe taswira zai ga cewa daga Nguru zuwa Maiduguri ya fi kusa nesa ba kusa ba a kan daga Kuru zuwa Maiduguri, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu duwatsu irin na Filato, babu babban kogi irin Gongola da za a yi wa gada. Da an zarce da dogon ta Gashuwa, da Nguru ta zama tasha a tsakiyar babban layi, ba reshen da ya ƙare a rairayi ba. Reshe shi ake fara mantawa idan kuɗin gyara ya yi ƙaranci.

Dakta Rabi:
Injiniya, hujjarka ta taswira tana da ƙarfi, amma masu shimfiɗa dogo ba gajerar hanya kaɗai suke dubawa ba, suna duba abin da za su ɗauka a kan hanyar. Layin Kuru ya ratsa Bauchi da Gombe, ƙasar auduga da gyaɗa da hatsi mai yawan jama'a, wadda ba ta da dogo ko kaɗan a lokacin, alhali tsakanin Nguru da Maiduguri ruwan sama kaɗan ne, mutane kuma a warwatse suke. Ban da haka, 1964 ita ce shekarar da hukumar jiragen ƙasa ta kai ƙololuwarta, ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. A shekarun nan Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, har daga baya aka kafa kamfanin matsar man gyaɗa a Nguru kanta. Garin da ake kafa wa masana'anta ba a ce yana mutuwa ba.

Ni na fi ɗora abin a kan shekarun 1970. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe shanu ya ƙone gonaki a duk faɗin Sahel, kafin manoma su farfaɗo sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta share abin da ya rage, mutane da yawa suka bar gyaɗa suka koma gero da wake. A daidai lokacin ne kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta zuba shi a kan tituna, manyan motoci suka yawaita, man kuma da arha. Zuwa 1974 fasinjan jirgi a ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da kaɗan. Layin da aka gina domin gyaɗa, ranar da gyaɗa ta tafi, dalilin kashe masa kuɗi ya tafi a idon masu kasafi. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, babu sauran wani babban mai kaya guda ɗaya da zai cika tarago talatin a rana.

Malam Bukar:
Ina goyon bayan Dakta a nan, kuma zan ƙara da batun ruwa. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun canja yadda kogin Haɗeja yake malala. Ambaliyar da take cika fadamu a kan lokaci ta ragu a wasu wurare, a wasu kuma ruwa ya zauna shekara zagaye har ciyawar kacalla ta toshe magudanai. Kifi da shinkafa da kiwon da fadamun Haɗeja da Nguru suke bayarwa duk abin ya shafe su, kuma su ne kayan ƙananan 'yan kasuwar da suke cika jirgin fasinja.

Injiniya Sani:
Ban musa fari da cutar gyaɗa ba, Malam. Abin da nake cewa shi ne, fari ya sami Zariya ma, ya sami Kano, amma ba a saki layinsu ba, har aka gyara layin Legas zuwa Kano aka sake buɗe shi a ƙarshen 2012. Bambancin shi ne su suna kan babban layi. Shawarar 1958 ce ta ƙaddara cewa idan wuya ta zo, Nguru za ta kasance cikin waɗanda za a fara saki.

Baba Audu Reluwe:
Ku duka kun faɗi gaskiya, amma akwai shekarar da ba wanda ya ambata, kuma ni a gabana aka yi, ita ce 1966. Kafin wannan lokaci yawancin direbobi da makanikai da akawuna da shugabannin tasha a Arewa mutanen Kudu ne, da yawansu daga Gabas, domin su suka riga mu shiga makarantar boko da koyon sana'ar. Da rikici ya ɓarke, aka yi asarar rayukan bayin Allah waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, waɗanda suka tsira suka tattara iyalansu suka tafi, cikinsu har da mutumin da ya koya mini karanta sigina, wanda muka ci abinci a kwano ɗaya shekara biyar. Har yau ina yi masa fatan alheri duk inda yake. Cikin 'yan makonni kwatas ta zama kango, aka bar mu da injuna da littattafan da ba mu gama koyo ba. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, an yi mana ƙarin girma da gaggawa, amma aikin da mutum yake ƙwarewa a shekara goma sha biyar ba ya samuwa a wata shida. Yaƙin basasa kuma ya rufe layin Gabas, kwal ɗin Inugu ya yanke, sai aka dogara da injunan dizal, waɗanda kayan gyaransu sai an yi odarsu daga waje.

Daga nan ne jirgi ya fara makara. Da can mutanen gari da kukan jirgi suke sanin lokaci. Sannu a hankali ya zama ana cewa yau zai zo, sai gobe. Mai shanu ba zai iya jira ba, domin kowace rana dabba tana ramewa, mai kifi ma haka, sai suka koma wa tirela ko da ta fi tsada. Da Indiyawa suka karɓi ragamar hukumar daga 1979 zuwa 1982 abubuwa sun ɗan daidaita, albashi yana zuwa, jirgi yana kiyaye lokaci, fasinja suka dawo. Bayan tafiyarsu aka koma gidan jiya. Saboda haka, ɗana Usman, in ka tambaye ni, tashar ba rana ɗaya ta faɗi ba. Amana ce ta fara tafiya, sannan kaya suka bi ta, fasinja talaka shi ne na ƙarshe da ya haƙura, domin shi ba shi da wani zaɓi mai arha.

Dakta Rabi:
Baba, na gode da wannan, kuma na yarda na tsallake 1966, alhali alƙaluman da na kawo da kaina sun nuna cewa faɗuwar ta fara tun kafin fari. Wanda ya tsaya a kan dakalin tasha ya ga abin da takarda ba ta rubuta ba.

Alhaji Mamman Gure:
To yanzu da ake gina layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, shin akwai rabon Nguru a ciki? Mu mutanen gabashin Nijar muna murna da 'yan'uwanmu na Maraɗi, amma daga Gure zuwa Maraɗi tafiya ce mai nisa, hanyarmu ta gado ita ce Machina da Nguru.

Injiniya Sani:
Alhaji, kai tsaye babu, saboda faɗin dogon ba ɗaya ba ne. Tsohon layin Nguru faɗinsa milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da rabi, sabon kuwa milimita 1,435 ne irin na Abuja zuwa Kaduna, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Amma ba sai an jira sabon dogo ba. Hanyar tana nan, filin na hukuma ne, ƙasar ba ta da hawa da gangara, abin da ake bukata shi ne sauya ruɓaɓɓun katakai, da ƙara tsakuwa, da gyara kwalbatoci a inda ruwa yake yanka, da kare layin daga rairayi. Kaya ma akwai su, domin riɗi da zoɓo da ƙaro da ake nomawa a Jigawa da Yobe yau fita waje suke yi, kasuwannin dabbobi na yankin kuma kowane mako tireloli suke cikawa zuwa Kudu. Gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe ne ya kamata su haɗa baki su nema, tunda layin ya ratsa jihohin uku.

Hajiya Yagana:
In za a gyara, a tuna da taragon fasinja tun farko, kada a ce sai kaya sun biya kuɗinsu. Ɗaliban da suke karatu a Kano, da marasa lafiyar da ake turawa manyan asibitoci, da tsofaffi irina waɗanda zaman mota yake karya wa baya, mu ma muna cikin lissafi.

Usman Hausari:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Audu, in ka ba ni izini, ina so in zo har gida da rikoda bayan sallah, in zauna da kai kwana biyu ko uku, ka faɗa mini sunayen ayyukan tasha da yadda ake yin kowanne, in rubuta. Zan kuma koma Nguru in nemi sauran 'yan dako da masu masauki da suke raye. Hajiya, ke ma ina roƙon ki ba ni lokaci.

Baba Audu Reluwe:
Ƙofa a buɗe take, ɗana, jikana zai tura maka kwatance ta akwatin saƙonka. Ka zo da safe, domin da yamma ƙarfina yana raguwa. Akwai littafin aikina da katin shaidata da wani hoto da muka ɗauka a gaban kan jirgi, duk suna cikin akwati, zan sa a fito da su. In ka koma Nguru kuma, ka tafi da tsumma da ɗan ruwa, ka tsuguna ka goge gefen ƙarfen dogo a cikin tasha, musamman layukan gefe da ba a cika sauyawa ba. Masu ƙera dogo suna buga sunan kamfaninsu da shekarar da aka narka ƙarfen a jikinsa. Ka rubuto abin da ka gani a kowane layi, ka zo mini da shi, zan gaya maka wanda aka shimfiɗa tun farko da wanda muka sa da hannunmu.